Sana'o'in kakanninmu a cikin takardun ƙidaya na zamanin Faransawa



Tun da ƙungiyarmu ta ɗauki aikin rubuta asalin gidajen Tsibiri, saƙonni suna ta zo mana daga Yamai, da Kano, da Legas, da Abijan, kuma kusan duk kukansu ɗaya ne. Mutum ya sha wahala ya samo sunan kakansa cikin tsohuwar takarda, ya duba gurbin sana'a, sai ya tarar da kalma guda ta Faransanci, cultivateur, wato manomi. Ya duba na kakarsa, ya ga ménagère, wato mai aikin gida. Wani ɗan uwa ya rubuto yana cewa tun yana yaro ake gaya masa su maƙera ne kaka da kakanni, ga shi takarda ta ce manoma, to wa ke da gaskiya, tsofaffi ko takarda? Amsa a taƙaice ita ce duk biyun suna da gaskiya. Amma kafin a gane haka sai an san yadda aka rubuta takardar, da wanda ya rubuta ta, da abin da yake nema.

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka yi a 1904 da 1906 ita ta raba Gobir biyu. Tsibiri da Maraɗi suka faɗo hannun Faransa, Sabon Birni ya faɗa hannun Ingila. Ayarin kyaftin Tilho ya bi ya kafa alamun iyaka, tafintansa Landeroin kuma ya zauna da masana ya rubuta tarihin sarakuna. Da farko daga Tasawa ake mulkin ƙasarmu, sai a 1927 aka maido mazaunin kumandan a Maraɗi. Daga lokacin da Nasara ya zauna, abu uku yake so ya sani game da kowane gari: mutum nawa za su biya lampo, ƙarti nawa za a iya ɗauka aikin dole ko soja, dabbobi nawa za a yi wa jangali. Ƙidayar da iyayenmu ke kira rasansama don wanga aka yi ta.

Ga yadda abin yake gudana. Kumandan ko mataimakinsa ya fito rangadi, a kafa masa tebur ƙarƙashin itace, dogarai su tara gari. Mai gari ya kira masu gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo da iyalinsa su tsaya. Tafinta ya yi tambaya, magatakarda ya rubuta: mai gida, matansa, ɗiyansa maza da mata, wanda ya isa lampo, wanda bai isa ba, tsoho, makaho, gurgu, sannan shanu da awaki da jakai da dawaki. A yini guda ana iya wuce ɗaruruwan mutane. Magatakardan kuwa sau da yawa baƙo ne, ɗan Dahome, ko Togo, ko Senegal, ko Sudan ta Faransa wadda ta zama Mali. Kunnensa bai saba da harshenmu ba, alƙalaminsa kuma na Faransanci ne. Shi ya sa Tsibiri ta zama Tibiri, Jiratawa ta zama Djiratawa, Tasawa ta zama Tessaoua, Ɗan ya zama Dan. In kuna neman Umaru ku duba Oumarou, in kuna neman Yusufu ku duba Issoufou. Wanda ke da irin wanga aiki gabansa, rana tana duka, ba zai tsaya tambayar me mutum yake yi da rani ba. Ya rubuta cultivateur a layin farko, ya dinga jan alamar maimaici har ƙasan shafi.

Su ma mutanenmu ba su taimake shi ba, kuma ba na ganin laifinsu. Ranar rasansama ake tura yaro daji da rabin garke, a ɓoye saurayi cikin rumbu. Wanda ya ce shi mai sana'a ne ko ɗan kasuwa, yana iya jawo wa kansa patanti bisa lampo. Manomi ita ce amsar da ba ta da tsada. Batun shekaru ma haka. Ba a rubuta ranar haihuwa, sai a dubi tsayin mutum ko a tambaye shi abin da ya tuna, a sa né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza. Wanda ya ce yana goye lokacin yunwar Kakalaba sai a ba shi 1913 ko 1914, ko da ya girmi haka da shekara uku.

A lura da wani abu don kada a yi tafiyar banza. Ƙidayar ƙasa baki ɗaya ta farko an yi ta a 1977, aka samu mutum miliyan biyar da ɗan kai, aka sake a 1988, da 2001, da 2012. Waɗanga lissafi suke bayarwa, ba su ba mai neman asali suna. Sunaye suna cikin rajistocin lampo na da, da karnen iyali da mai gida ke ajiyewa, da tsofaffin katin shaida, da takardar hukuncin da ake yi wa wanda ba shi da takardar haihuwa, da littafin tsohon soja. Rahotannin kumandoji kuma suna gidan adana takardu na ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence can Faransa. A tuna kuma da ambaliyar gulbi ta 1945, wadda ta ci tsohon garin Maraɗi da namu har aka hau tudu aka sake gini. Abin da ke cikin adaka da tukunya a wancan dare ba duka ya tsira ba.

To, mu koma ga manomi. Mutum biyar da takarda ta ba suna guda, a gari matsayinsu biyar ne. Na farko shi ne mai gida, mai gandu. Gonar gandu ta gida ce duka, ƙannensa da ɗiyansa da matansu suna yi mata aiki kwana huɗu ko biyar a mako. Shi kuma a wuyansa iri yake, da kayan aiki, da abincin damina, da lampon kowa, da auren fari na kowane saurayi. Sauran kwanakin kowa ya tafi gamanarsa, wato ƴar gonar da aka yanka masa, abin da ya samu nan nasa ne. Saboda haka in kun ga sunan kakanku a ƙarƙashin sunan wani, da gemunsa da matansa biyu, kada ku ce matalauci ne marar gona. Ɗan gandu ne, wansa ko ubansa na da rai. In kuma a wata takarda ta baya kun gan shi ya zama kan layi, to tsakanin takardun biyu ko an yi mutuwa an raba gado, ko an yi saɓani an raba tukunya. Wanga kaɗai ya isa ya ba ku tambayar da za ku kai wa tsofaffi.

Kalmar ménagère kuwa, ni a ganina ita ce ƙarya mafi girma cikin rajistocin nan, ko da yake ba da gangan aka yi ta ba. Magatakarda ya koyo a lakwal cewa matar aure mai aikin gida ce, ya zo ya ɗora wa iyayenmu. Alhali a ƙauyukan gulbin Maraɗi mace tana shuka, tana noma a gandu, tana da gamanarta. A gidaje da yawa in an gama girbi mai gida yakan rufe rumbun gandu sai damina, ya tafi cin rani, mace ta ci da kanta da ƙananan ɗiyanta daga nata rumbu. Ita ke gurzar kaɗa, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari ta sayar wa masaƙa. Ita ke yin daddawa, da man gujiya, da ƙuli-ƙuli, ta kiwata awaki, kuma awakin da aka rubuta da sunan mai gida yawancinsu nata ne. Wadda Allah ya buɗa wa har takan yi bikin kan ƙwarya, ta tara mata da makaɗa ta yi kyauta ta bajinta, a naɗa ta tambara. Wani Bafaranshe mai bincike, Claude Raynaut, ya zauna Sumarana kusa da Maraɗi ya rubuta wanga tsari a littafinsa na 1972, Barbara Cooper ta Amurka kuma ta rubuta na matan birni a 1997. Abin tausayi, a 2006 wasu masu bincike biyu, Marthe Diarra da Marie Monimart, sun tarar a Jiratawa ƙasa ta yi ƙaranci har ƴan mata suna tashi ba su iya riƙon hauya ba, abin da ake kira kullen gona. Kalmar da ta zama ƙarya a kan kaka ta zo ta zama gaskiya a kan jika.

Sai sarkin noma. In an yi sa'a magatakarda yakan rubuta shi notable, wato babban mutum, in ba haka ba shi ma cultivateur ne kamar baransa. Nan sai an yi hankali, don sarkin noma iri-iri ne. Akwai na gado, cikin dangogin Anna waɗanda noma ne gadonsu kamar yadda farauta take gadon mahalba, su kuma gadon masunta. Su ke fara shuka, su ake tambaya in damina ta yi gardama. Akwai kuma wanda ya ci sarautar da ƙarfin damtsensa, ya yi dubu. Mutum ya yi shekaru yana shiri, ya kira gayya, ya girbe dami dubu na hatsi a damina guda. Sannan ya gayyato ƙasa, sarakunan noma na wasu garuruwa su zo, makaɗan noma su kwana suna kiɗa, a ƙirga dammunan a gaban shaidu, ya yanka dabbobi, ya rarraba hatsi da tufafi har ya kusa komawa hannu wofi. Abin da ya rage masa shi ne rawani da suna. Ku yi lissafi da kanku, ku da kuka san yadda dami ɗaya yake cika kai, ku ga abin da dubu take nufi ga mutumin da ba shi da saniyar huɗa balle taki na buhu. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi da Gobir, ya yi rubutu musamman a kan dubu. Mutane kuma suna tsoron irin waɗanga sarakuna, ana cewa suna da maganin janye kurwar hatsin maƙwabci zuwa gonarsu. Na ukun shi ne sarkin noman da hukuma ko sarki ya naɗa daga baya don ya zama wakilin manoma wajen malaman gona. In gidanku ana ce muku ɗiyan sarkin noma, ku tambaya wanne ne cikin ukun. Na dubu ba ya ɓata, don makaɗa ba su mantuwa da wanda ya cika musu taiki.

Abin da ya fi ɓacewa cikin takarda shi ne aikin fadama. Nasara ya san jardinier, amma sau da yawa wanda ya rubuta wa haka mai ban ruwan garkar kumandan ne ko ta likita, ɗan albashi. Masu garka na asali, waɗanda suka gaji bakin gulbi, suna cikin tulin cultivateur. Da can gulbi yakan cika ya malala, in ya janye ya bar laka, a dasa taba, a shuka dawa da kaɗa, a haƙa ƴan rijiyoyi gajeru a kafa jigo a yi albasa da alkama da tonka. Taba sana'a ce mai zaman kanta. Akwai mai reno, akwai mai dasawa da fizgar kai, akwai mai shanya da daka, furenta kuma mata su saya su rina haƙora. Fatake suna ɗaukar tabar gulbi bisa jakai su kai arewa su komo da gishiri da kanwa. Baba ma ana nomansa. A yanke, a daka, a dunƙula, a kai marina. Mai karofi yana da rijiyoyin rininsa, da toka, da masu bugu da ke sa wa baƙin zane walƙiya. Daga gonar kaɗa zuwa riga hannu nawa ne? Manomi, mai gurza, mai kaɗi, masaƙi, marini, mabugi, maɗinki. Da damina duk mazan cikinsu suna gona, in rasansama ta same su kowa manomi ne. Atamfa da akoko na kanti su suka kashe wanga layi, ɗaya bayan ɗaya. Fadamar kanta ta sauya: an gina aikin ban ruwa na Jiratawa a farkon shekarun 1980, madatsar Jibiya ta Najeriya kuma ta tare ruwan gulbi tun wajen 1990, malalar da kakanninmu suka dogara da ita ta ragu.

Ɗan uwanmu mai tambayar maƙera, ga taka amsa. Maƙeri manomi ne, amma da shi da sauran manoma akwai alkawari. Kafin ruwa ya sauka mai gida ya kawo masa sungumi na shuka, da kwashe, da galma ta fadama, da hauyar tsaye ta jigawa, da gatari, da magirbi, ya gyara ko ya ƙera sabo. Ba a biyansa nan take, sai kaka a kai masa dami. Don haka rumbun maƙeri yana cika daga gonarsa da gonakin mutane. Maƙeran da kuma ba tsohon ƙarfen mota suke saye ba. Su ke haƙo tama, su ƙona gawayi, su gina tanderu su narka ta, aikin kwanaki da yake da nasa asirai da hane-hane. Da ƙarfen Turai ya yawaita aka bar narka tama, aka bar wa maƙeri uwar maƙera da masaba da zuga-zugi kawai. In an rubuta forgeron, to mai yiwuwa sarkin maƙera ne, wanda hukuma ta sani don ita ma tana ba shi aiki. Sauran dangi duk an bar su cultivateur. Ka duba ɗakin tsohuwarku, in akwai awartaki da ba wanda ke amfani da shi amma an hana a yar, ka samu shaidar da ta fi ta magatakarda.

Mahalba da masu ginar rijiya su ne suka buɗe yawancin ƙauyukan da muke da dangi a cikinsu yau. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Gobir Ali ya rasu, Mayaƙi ya kafa Tsibiri, jama'a suka taru bakin gulbi cikin garuruwa masu ganuwa. Shekaru da yawa ba mai iya kwana nesa da gari saboda hari. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare a farkon zamanin Nasara, sai mutane suka watsu cikin daji. Mahalbi ne ya san inda ƙasa take da kyau da inda ruwa yake kusa, don ya riga kowa kwana wurin. Shi zai yi abin da ake yi na neman izinin masu wurin, mai gina ya haƙa rijiya ya ɗaure bakinta da itace, sannan a yi sassabe. Garuruwan da sunansu ya fara da Gidan wane ko Garin wane yawanci haka suka samu. Wasu kuma gudun lampo da aikin dole ne ya kai su, wasu har suka ƙetare iyaka. In sunan wani kakanku ya ɓace daga rajista ba a ce ya mutu ba, ku neme shi a sabon ƙauye ko a ƙasar Katsina da Sabon Birni. Farauta kanta tana da doka, sai an yi buɗin daji da rani kafin a shiga. Ban da waɗanga akwai masu ɗaura amya bisa itace don zuma, da masassaƙan turmi da ƙota, da gyartai mai ɗinkin ƙwarya, da masu yankan kaba suna tufkar igiya da saƙar tabarma, da ma'auna masu zama da tiya a kasuwa. Haka nan griot: kalma guda ce Nasara ya zuba maroƙi, da sanƙira, da makaɗin fada, da mai gangar noma a cikinta, alhali mai gangar noma yini yake cikin rana bayan ƴan gayya, ƙura tana shiga bakinsa kamar kowa.

Yanzu na zo ga magana mai nauyi, ina roƙon dattawa su yi mini haƙuri. A wasu tsofaffin takardu ana ganin serviteur ko domestique a gefen suna, a mafi tsufa ma har captif. Ba za mu ɓoye ba, an yi bauta a Gobir kamar yadda aka yi a Katsina da Sakkwato da Damagaram. Shekarun yaƙi an kamo mutane an kawo nan, an kuma kama namu an kai can, ɗan sarki ma yana iya wayar gari cikin mari. Akwai bayin da aka zaunar a gona, akwai masu biyan murgu suna aikin kansu, akwai waɗanda suka fanshi kansu. Dokar Faransa ta 1905 ta hana saye da sayar da mutum, daga nan ma'aikata suka daina son rubuta captif, suka koma serviteur. To amma kalmar nan ita ce kuma ake fassara bara da ita, kuma bara ɗa ne. Mutum ne da ya zo ya raɓu da mai hali ko da basarake, yana yi masa noma ko kiwon doki, ana ci da shi, ana yi masa aure, ran da ya ga dama ya tashi. Baƙon da yunwa ta koro, da almajirin malam, da maraya ɗan riƙo, duk suna iya faɗawa cikin wanga gurbi. Saboda haka ba mai iya ɗaukar kalmar nan ya yanke hukunci a kan asalin wani gida. Na faɗi haka ne don mun san har yau ana fasa aure a kan irin wagga magana, kuma takarda mai hatimi tana da kwarjinin da tsegumin bakin rijiya ba shi da shi. Tun 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka. Shawarata ga ƙungiya ita ce, duk wanda ya ga irin wanga a shafin gidan wani, ya bar shi inda ya gan shi. Abin da ya shafi gidanku kuwa naku ne, ku ke da ikon faɗa ko yin shiru.

Wanda ya jera takardun gida ɗaya daga tsohuwa zuwa sabuwa zai ga gidan yana raguwa, sunayen masu gida suna yawaita. Gujiya ce da kuɗi. Tun shekarun 1930 kamfanonin Turawa suka buɗe sayen gujiya a Maraɗi, lampo kuma ba a karɓarsa sai da kuɗin Faransa, an bar wuri da hatsi. Saurayi ya ga gamanarsa ta gujiya tana iya biya masa lampo da sadaki, to me zai zauna yi a gandu? An soke aikin dole a 1946, tafiya ta yi sauƙi. Bayan mulkin kai aka kafa SONARA da UNCC a 1962 don sayen gujiya da tsara manoma. Nan sababbin kalmomi suka shigo takarda: manœuvre, wato lebura, mai ɗaukar buhu a kasuwar gujiya; acheteur, mai awo da sikeli; charretier, mai amalanke. Alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a 1986, da yawansu daga sikelin nan suka tashi. Gayya ta ja baya, barema ta shigo, wato mutum ya bar gonarsa ya je ya yi wa wani noma a biya shi da yamma don ya sayi tiyar da za a kwana da ita. Farin 1973 da cutar da ta bi gujiya bayansa suka karya kasuwar, na 1984 ya ƙarasa abin da ya rage a rumbuna. Da yawa cikinku masu karanta wagga takarda a Legas da Abijan, iyayenku a waɗannan shekaru suka fita cin rani bai ƙare ba.

Wasu ƴan uwa na san ba asali kaɗai suke nema ba, gona suke nema. Suna zaton in suka nuna kakansu cultivateur ne a gari kaza, sun samu hujjar karɓar fili. A yi hattara. Rajistar lampo ta ƙirga kawuna da dabbobi, ba ta auna gona ba, ba ta faɗi iyaka ba. Wanda aka rubuta manomi yana iya zama gonar gado yake nomawa, ko ta aro, ko ta jingina da za ta koma ran da aka maido kuɗi. A 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi shela cewa gona ta mai nomanta ce, wasu masu aro suka riƙe, wasu masu gona suka yi maza suka karɓe nasu, rigimar da ta biyo baya har yau ba ta gama mutuwa ba. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, kuma a gabansu abin da ke aiki shi ne shaidar mai gari da maƙwabtan iyaka, da wanda ya san wa ya sare itacen farko. Takardar kaka tana nuna yana garin a shekara kaza, iyakarta ke nan. Wanda yake da gona a gida yana zaune waje, gara ya zo tun dattawan da suka san iyaka suna da rai a rubuta masa shaida.

In za ku tambayi tsoho, kada ku ce mece ce sana'ar kaka, don zai ce manomi, ya koma daidai da magatakarda. Ku ce me yake yi in an gama girbi. Ku tambayi wane kiɗa ake yi wa gidanku ran biki, da wa kuke wasa tsakaninku ban da Yarbawa da muke wasa da su mu duka, don wasan maƙera da Buzaye sananne ne. Ku tambayi abin da aka hana gidanku ci ko taɓawa, da wanda ake aiko wa in wuta ta ƙone yaro ko ƙaya ta maƙale a wuya. Tsofaffin mata sun fi riƙe waɗanga, kuma ba su son a zo musu da takarda a hannu, sai a zauna ana ɓarar gujiya.

Magatakardan ƙungiya ya shirya babban littafi don taron Babbar Salla. Kowane gida yana da shafi, an ja gurbi uku gaban kowane suna: abin da takardar Nasara ta ce, aikin damina, aikin rani. Na waje da ba za su samu zuwa ba su aiko da hoton takardunsu ta hannun wakilin garin da suke, su riƙe na asali wurinsu, kada a sa su cikin kaya a mota. A rubuta sunan tsohon da ya ba da labari da unguwarsu, kuma sunayen mata a rubuta su cikakku, da garin da aka auro su.